Daddawar Kaka a Barandar Malesiya

Tun da aka koma makaranta ba a bar ni na huta ba. Hauwa'u ta tambaye ni a layin asembili, Chinyere ta tambaye ni da aka tashi tara, har malamar Turanci ta tsayar da ni a bakin aji tana cewa, "To 'yar Malesiya, yaya ƙasar?" Ni kuma kun san ni, da mutum ya wuce biyu aka zuba mini ido sai magana ta maƙale. Abin da nake iya cewa kawai shi ne "da kyau," ku kuma ku ce ina rowar labari. Ba rowa ba ce. Da haushi na dawo, kuma ban iya faɗinsa a tsaye ba. Shi ya sa na zauna na rubuta, kowa ta karanta ta ƙyale ni.

Babana malami ne a nan Samaru, a fannin noma. Shekara uku ke nan yana ƙarin karatu a Malesiya, saura masa guda. Bana aka shirya ni da Mama mu je mu yi Kirsimeti tare da shi.

Kafin mu tashi muka je Zabi sallamar Kaka, mahaifiyar Baba. Sunanta na ci, Rifkatu, don haka ita takan ce mini Takwara, Baba kuma Uwata. Duk Zabi an san daddawarta, amma tun bara ta daina yi, saboda ciwon gaɓɓai ya karkatar da yatsunta, ko ɗaurin zani sai an taya ta. Da ta ji za mu je wurin ɗanta sai ta sa aka sauko da buhun kalwa. Kalwa, ga wadda ba ta sani ba (Chinyere, da ke nake), ita ce ƙwayar da ke cikin ɗorawa. Maƙwabta suka taya ta dafawa da wankewa da daka. Amma da aka zo wurin curawa ta hana kowa sa hannu. Da kanta ta danna kowane curi, kuma kowanne ya fito da shaidar babban yatsanta a tsakiya, a karkace.

Ta ce, "Takwara, matso. Uwarki ce za ta ɗauka, amma ke na ba amana. Ba ki da surutu, kina da ido. Ki tsaya a kansa ki ga ya ci. In kin dawo abin da zan tambaye ki ke nan, ba dogayen benaye ba."

Na ce, "To, Kaka."

"Kullum 'To, Kaka' can ƙasan maƙoshi. Buɗe bakin mana, ko aro kika yi shi?"

Mahaifiyar Chinyere ce ta ɗaure mana ita a rumfarta ta kasuwar Sabon Gari, don ta saba shirya wa matafiya kaya. Ta zuba ta a babban gwangwanin madara, ta naɗe da leda, ta bi da salatif, tana cewa, "Madam, wannan abu in ba a ɗaure shi da kyau ba, har direban jirgi sai ya san miyar da za ki yi." Muka haɗa da kuka da yaji a sabon akwatin da muka saya a kantunan PZ.

Duk da haka, ba mu kai Tashar Yari ba wani tsoho a motar Kano ya ɗaga hanci ya ce, "Direba, wani ya ɗauko daddawa ta gaske a motar nan." Aka yi dariya. Ya juyo wurin Mama ya ce, "Baiwar Allah, ta sayarwa ce?" Mama ta ce a'a, saƙon uwa ne zuwa ga ɗanta a ƙasar waje. Ya ce, "Allah ya sa ɗan ya san abin da aka aika masa." A Kwanar Dangora taya ta yi faci, muka tsaya a bakin titi Mama tana duba agogo tana addu'a, tsohon nan kuwa bai fasa ba mu labarin daddawar marigayiya matarsa ba har aka gyara. A filin jirgi wata ma'aikaciya ta buɗe gwangwanin, ta sansana, ta ce, "Ta gida ce wannan, ba ta kasuwa ba," sannan ta mayar da salatif ɗin da hannunta. Ku riƙe wannan a ranku: duk inda daddawar nan ta bi a ƙasarmu, da mutunci ta bi.

Jirgi ba shi da wani labari sai gajiya. Kunnuwana sun toshe, ƙafafuna sun kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Mun sauka a Habasha cikin sanyi, na ɗora rigar sanyi a kan wata rigar sanyin, sannan muka shiga wani jirgin da na ɗauka ba zai taɓa sauka ba. Ana kawo abinci, ana kashe fitila, ana sake kawo abinci. Da muka isa, agogon Mama yana cewa safiya ce, rana kuwa ta riga ta karkata.

A wurin duba fasfo mun daɗe. Matar da ke zaune a wurin ta kalli na Mama, ta kalli Mama, ta nemi tikitin komawa, ta nemi adireshin Baba, ta kira shi a waya. Waɗanda suka zo bayanmu suna ta wucewa ta ɗaya layin. Mama ta yi ta murmushin nan da take yi wa baƙon da ya daɗe bai tafi ba. Ni dai hankalina yana kan gwangwani. Da aka zo duba kaya wani ya ɗaga shi ya tambaya, Mama ta ce busasshen wake ne na miya, ya girgiza shi a kusa da kunne ya miƙo mana. Na ce a raina shi ke nan, mun tsallake.

Muna fita ƙofa zafi ya rufe ni, irin wanda ke bugun fuska in ka buɗe madambaci. Ga ni da rigar sanyi biyu. Baba yana tsaye ya rame, furfura ta fito masa a gefen kunne. Ya ce, "Uwata! Wa ya ba ki izinin yin tsawo haka?" Na ɓoye fuska a rigarsa.

A hanya na yi ta matse ido, don motoci ta hagu suke bi, kullum sai in ga kamar za a yi karo. Gefen titi kuwa itatuwan kwakwar manja ne a jere kamar 'yan asembili, har inda ido ya tsaya. Baba ya ce asalin itacen daga yankinmu na Afirka ta Yamma ne. Na ce to manja zai yi araha. Ya ce jan manja irin namu sai an sha nema, don tace shi suke yi har ya koma kamar man gyaɗa. Wannan shi ne haushina na farko, amma ƙarami ne.

Baba yana zaune a wani dogon bene. Wadda ta ba shi haya wata dattijuwa ce Musulma da mijinta ya rasu, ƙofarta tana kallon tamu, tagar kicin ɗinta kuma tana kusa da tamu. Kowa yana ce mata Makcik, wato kamar mu ce Goggo. Ta tarbe mu da soyayyar ayaba, ta riƙe hannun Mama da hannu biyu sannan ta taɓa ƙirjinta. Na ji ta kwanta mini.

Da muka huta Mama ta fara fito da tsaraba. Ta yanke salatif, ta buɗe gwangwani. Na kalli Baba, don aikina ke nan. Ya lumshe ido ya ja numfashi, kamar yadda yake yi a coci in an fara waƙar da yake so. Sai kuma ya zabura ya ruga ya rufe tagar kicin.

"Rufe! Rufe shi maza!"

Mama ta ce, "Malam, lafiya?"

"Kun san wahalar da na sha kafin in sami wurin nan? In ka buga waya neman haya, da an ji daga ina kake sai a ce an riga an kama. Wanda ya zauna a nan kafin ni ɗan ƙasarmu ne. Ƙorafin warin girki maƙwabta suka yi ta kaiwa har ya tashi. Saura mini shekara guda, ba ni da inda zan koma."

"Uwarka ce fa ta yi, da hannun nan nata."

"Na sani. Za mu san yadda za a yi."

A gidanmu in Baba ya ce za mu san yadda za a yi, an gama maganar ke nan. Ya ɗauki gwangwanin ya kai shi barandar baya, ya ajiye kusa da bokiti da tsumman goge ƙasa.

Na so in ba shi gaskiya, har na ba shi a ranar. Washegari da safe ne na karɓe abata. Wani wari ya shigo ta tagar kicin, na farka ina tari, idona yana ruwa. Na ɗauka ɓera ne ya mutu a bayan firji. Baba ya ce a'a, Makcik ce take soya balacan. Ƙananan jatan lande ne ake barinsu su ruɓe da gishiri, a daka, a cura, a riƙa sa wa miya. Ku sake karanta wannan: a ruɓar, a daka, a cura, a sa wa miya. Kowace safiya duk benen yana ɗauka, ba mai rufe taga, ba mai kai ƙara. Har da wani ɗan itace mai ƙayoyi da suke kira duriyan, wanda warinsa ya kai har an liƙa hotonsa a jirgin ƙasa an ja masa jan layi, an hana shiga da shi. Amma suna zama a bakin titi suna ci da hannu suna lumshe ido. Mutanen da ke da waɗannan su ne za a ɓoye wa daddawa!

Ga gaisuwarsu ma. Mu muna tambayar gajiya da gida da aiki. Su kuwa da an haɗu sai su ce, "Ka ci abinci?" Kullum Makcik sai ta tambaye ni, kullum in gyaɗa kai, a raina ina cewa na ci naku. Shinkafa da safe, an dafa da ruwan kwakwa, an naɗe a ganyen ayaba. Shinkafa da rana. Miyar kuma har da sukari a ciki. A jirgin ƙasa wata mata ta miƙo hannu ta shafa kitsona ba ta tambaye ni ba, tana yi wa ƙawarta bayani kamar atamfa take tayawa. Na ƙyale ta. Ni ce dai.

Bayan 'yan kwanaki Mama ta leƙa gwangwanin ta tarar daddawar ta fara laushi tana gumi, don iskar garin a jiƙe take, ko tawul ba ya bushewa. Ta ce sai an shanya ta. Ran nan Makcik ta tafi wurin 'yarta, mu kuma za mu shiga babban birni kallon dogayen benaye. Rana ta fito tar. Mama ta jera curin a faranti ta ɗora a kan bangon baranda. Farantin ƙarami ne, biyu suka rage a gwangwani. Baba yana wanka, bai gani ba.

Ku gaya mini, wace ce a Zariya take kallon sama a watan Disamba? Shanya takan kwana a kan rufi ba mai tunawa da ita. Ko da damina ma ruwanmu yana da ladabi: hadari zai haɗu a gabas, iska ta zo ta yi sallama, mata su kwashe kayansu. Nasu ba ya sallama. Muna cikin wani katafaren kanti na ga mutane suna shigowa da laima a jiƙe. Na ja hannun Mama. Ta kalli ƙofa ta ce, "Wayyo Allah, shanyata!"

Da muka koma, farantin ya zama kunu. Baƙin ruwan ya bi bango ya ɗiga a kan fararen rigunan mutumin da ke ƙasa da mu. Muna isa ya hawo da riga ɗaya a hannu, ya riƙe ta nesa da jikinsa, yana faɗa. Ban ji duk abin da ya ce ba, amma na ji "ku mutanen nan" ya fi a ƙirga. Babana, wanda ɗalibai ke miƙewa in ya shiga aji, ya tsaya yana sunkuyawa yana ba da haƙuri, ya karɓi rigunan ya ce shi zai wanke. Da mutumin ya tafi, Baba ya miƙo mini gwangwanin bai kalle ni ba.

"Uwata, kai wannan shara."

Na kai gwangwanin shara kamar yadda ya ce. Curi biyun kuwa na naɗe su a hankici, na sa a leda, na tura can ƙasan jakata.

Ranar Kirsimeti muka je coci a saman wani shago, aka yi sujada da mutanen ƙasashe daban-daban, ba anko, ba yara masu yawon barka. Mama ta ce ko a ina take ba za ta ci shinkafar Kirsimeti ba ta kai wa maƙwabta ba, kamar yadda muke yi a Samaru su ma su kawo mana ta Sallah. Ta sa Baba ya sayo kaza yankan Musulmi, ta dafa, ta aike ni. Makcik ta yi murna sosai, ta ce lallai gobe mu zo mu ci nata.

Muka je. A tsakiyar tebur akwai wata jar miya mai warin balacan, cike da wasu korayen ƙwayoyi masu faɗi. Baba ya ce, "Ah, fetai!" ya ɗebo da yawa. Makcik tana dariya tana gaya wa Mama cewa wanda ya ci wannan, bakinsa da bayan gidansa sai sun kwana biyu suna ba da labari, amma ba mai iya bari.

Na ɗauki ƙwaya ɗaya na goge ta a gefen faranti. Na raba ta biyu. Na kai hanci. A kan firjin Makcik akwai sauran da ba ta ɓare ba, dogayen kwasfa a ɗaure, ƙwayoyin sun yi tudu-tudu a jere. Sun fi namu girma, kuma koraye ne, amma na sha zama kusa da Kaka tana ɓarar irinsu.

Na ce da Hausa, "Baba, wannan ba ɗorawa ba ce?"

Ya ce, "'Yar'uwarta ce, dangi ɗaya ne. Kin yi ido." Ya kai loma.

Ashe ya sani. Tuntuni ya sani. Ban san lokacin da maganar ta fito ba, kuma ba can ƙasan maƙoshi ta fito ba.

"To kalwar wasu tana kan tebur kana ci, ta Kaka kuma tana shara?"

Mama ta mintsine ni a cinya. Makcik ta tambayi Baba me na ce. Ya ce, "Cewa ta yi abincin ya yi daɗi."

Na tashi. Na tsallaka ɗakinmu na dawo da hankicin, na kwance shi a kan tebur. Da Turancin aji na ce wa Makcik muna da itacen nan a gida, kakata ce take dafa ƙwayarsa ta yi wannan, kuma ita ta aiko wa ɗanta. Makcik ta ɗauki curi ɗaya ta kai hanci. Ba zan yi muku ƙarya ba, ba ta ce ya yi ƙamshi ba. Ta kau da kai da sauri ta yi tari, ta fifita fuska da hannu, sannan ta fashe da dariya har da hawaye. Ta ce wannan ya kusa kayar da balacan ɗinta. Ta miƙa wa Baba.

Baba bai yi dariya ba. Ya juya curin a tafin hannunsa, ya sa babban yatsansa a cikin ramin da ke tsakiya. Bai shiga daidai ba, don nasa a miƙe yake. Ya daɗe a haka har shinkafarsa ta huce.

Washegari da rana shi da kansa ya shiga kicin. Ya ce Mama ta tuƙa tuwon shinkafa, miya tasa ce. Ya daka curi ɗaya a ɗan turmin dutse, ya kaɗa kuka, bai rufe taga ba. Da ƙamshin ya tashi muka ji Makcik ta ja tagarta garam, tana dariya daga ciki. Mutumin ƙasa kuwa ya fito barandarsa yana ɗaga murya. Mama ta kalli Baba. Baba ya wanke hannu ya zauna ya ce, "Shi ma yana da taga."

Na zauna a gabansa ban taɓa nawa ba sai da na ga loma ta wuce. Ya cinye, ya miƙa wa Mama kwano ta ƙara masa. Ɗaya curin ya naɗe shi ya sa a firji, a cikin ɗaki. Har yau Baba yana gidan, Makcik ba ta ce ya tashi ba, sai dai mutumin ƙasa ya kai ƙara sau ɗaya kuma ya daina amsa masa gaisuwa.

Muna dawowa, ko akwati ban kwance ba na ce a kai ni Zabi. Kaka tana zaune a tabarma tana shan hantsi. Ba ta bari na gama gaisuwa ba.

"Ya ci?"

"Ya ci, Kaka. Har ya ƙara."

"Duka ya cinye?"

Na gaya mata komai, da baranda, da ruwan sama, da rigunan mutumin ƙasa. Ta ce ruwa a Disamba ƙarya ne, sai da Mama ta sa baki. Da na zo kan fetai ta dakatar da ni.

"Tsaya. Ɗanya suke ci? Ba dafawa, ba rufewa a kwando?"

"Ɗanya, Kaka. Tun tana kore."

"Mutanen da ba su da haƙurin jiran kalwa ta bushe, su ne suke toshe wa daddawata hanci?" Ta yi tsaki mai tsawo. Ta kalli yatsunta, ta kalle ni. "Curi ɗaya ba zai kai shi shekara ba. Tashi ki jawo buhun can, Takwara. Tunda bakin ya buɗe, miƙo hannun in ga babban yatsan."